Saran Bahago a Bakin Rafin Corby

Athol Bester ya sari itace a kurmin da ke bayan garin Tollan tun zamanin gatari da zarton mutum biyu, har injin sara ya zo, har gwiwoyinsa suka ƙi. Bahago ne. Da hagun nan ya ci gasar saran gungume ta bikin shekara har mutane suka daina ƙirgawa. Da ya ajiye gatari sai aka ɗora masa shugabancin gasar: shi ke nemo gumaguman da za a sara, shi ke auna su, shi ke raba su da ƙuri'a. Bai yi karatu mai nisa ba, bai kuma taɓa jin kunyar haka ba. Magana kaɗan yake yi, in ya yi kuwa ta zauna.

Gungumen gasa ba kowane itace ba ne. Ana son itacen turare matashi, miƙaƙƙe, marar ƙulli, kuma duka su zama sa'annin juna daga ƙasa ɗaya, don kada wani ya samu mai taushi wani ya samu dutse. Irin wannan itace ya yi ta wuya. A bikin da ya gabata na kan tudu aka kawo, busasshe mai taurin kai. Bakin gatura masu tsada ya karye, zakarun da suka zo daga arewa suka ce in haka ne ba za su sake zuwa ba. A gaban Athol suka faɗa. Ya haɗiye, amma bai manta ba.

Da sanyi ya fara ja baya, sai Warwick Pyne, manajan kamfanin katako, ya tsaya da motarsa a ƙofar gidan. Mutum ne mai fara'a, ba ya kiran Athol da komai sai Zakara. Ya ce akwai wurin da yake so ya nuna masa, kallo kawai. Suka bi tsohuwar hanyar da ake jan gungume da ita a da, suka gangara bakin rafin Corby. Nan Athol ya tsaya cak.

Itatuwa ne a jere, farare tas, sa'annin juna, tushensu cikin laima, ba reshe sai can sama. Doka ta hana a taɓa su. Tun da daɗewa ba a sara a bakin rafi, sai an bar tazara mai faɗi dama da hagu, komai kyan abin da ke ciki. Warwick ya ce gwamnati na shirin matse tazarar nan. In an matse, gasar Tollan ce za ta fara zaɓa. In ba a matse ba, ba wanda ya yi asarar komai.

Tsofaffin masu sara suna da wata al'ada. In ka ga itacen da ya kwanta maka, sai ka yi masa sara biyu, ka ɓare ɓawo kamar faɗin tafi. Duk wanda ya zo bayanka ya ga shaidar, ya wuce, ya san da mai shi. Ba a rubuce take ba, amma ba a taka ta. Athol ba ya shiga kurmi babu ƙaramin gatari a ƙugu. Bai ma san lokacin da ya zare shi ba. Ya yi wa na farko, ya yi wa na kusa da shi, ya bi bakin ruwan yana yi, yana shaƙar ƙamshin ɗanyen ɓawo, jikinsa ya yi sauƙi kamar na saurayi. Warwick na tsaye hannu cikin aljihu, bai ce yi ba, bai ce bari ba.

A hanyar dawowa Athol ya gaya wa kansa cewa shaida ba sara ba ce. Bai gaya wa matarsa Noelene inda ya je ba.

Ba a jima ba maganar dokar ta fito fili, garin ya tashi. Rafin Corby shi garin ke sha. Wannan karon ba 'yan birni masu dogon gashi ba ne da suka saba zuwa su ɗaure kansu a jikin itace. Masu shanun madara ne, da malaman makaranta, da masu kiwon zuma, da ma wasu da suka ci abinci da katako duk rayuwarsu. Aka yi ta taro a zauren gari. Glenys, 'yar ƙanwar Athol mai kantin bakin titi, ita ce mai bakin. Lyall Direen shi ne mai kan.

Lyall mai zuma ne, amyoyinsa suna cikin kurmin, inda wani itace mai farin fure ke tsirowa a inuwar manyan itatuwan turare. Tare suka tashi da Athol, aji ɗaya, bulala ɗaya, rana ɗaya kuma suka bar makarantar. Ya zo wata safiya ya tarar da Athol yana wasa gatari a rumfar bayan gida.

"Bahago, har yanzu kana lallashin ƙarfen nan? Shi ma ya tsufa, ka bar shi ya huta."

"Ya fi ka amfani. Me ya kawo ka, ƙudajenka sun kore ka?"

Lyall ya ja kujera ya zauna. Ya ce majalisa za ta turo mace ɗaya daga cikin kwamitin da ke duba dokar, ta ga rafin da idonta. Bayan nan garin zai tura mutum ɗaya Hobart, babban birni, ya yi magana a gaban kwamitin duka. Ya ce in shi ya je, za a ce mai zuma ne, amyarsa yake karewa. In Glenys ta je, za a ce ba ta san kurmi ba. Amma in Athol Bester ya miƙe ya ce kada a taɓa bakin rafi, ba mai amsar da zai ba shi.

"Na riga na gaya musu za ka yarda," in ji Lyall. "Na ce in ka ba da magana, an gama."

Athol ya ci gaba da goga dutse a bakin gatarin. Abin da Lyall ke faɗa shi ma ra'ayinsa ke nan. Ya ga kwarin da aka sare har bakin ruwa a zamanin ƙuruciyarsa, ya ga rafi ya koma kunun laka, daga baya ya ƙafe. Ba ya son a yi wa Corby haka. Kuma ya ji daɗi da aka ce shi kaɗai ne za a saurara. Maganar shaidun ta zo masa har maƙogwaro. Ya dubi fuskar Lyall, ya ga yadda ya sakankance, sai ya mayar da ita. Ya ce zai je.

Labari ya bazu. Mutanen da ke gaishe shi da ɗaga yatsa daga cikin mota suka koma tsayawa su miƙa masa hannu. Noelene ta fito da kwat ɗin da ya sa ranar auren 'yarsu ta rataye a iska. Shi kuwa ya shirya abinsa a zuci: ranar zuwan baƙuwar shi ne ja-gaba, zai bi da su hanyar tudu, su sauka rafin ta can sama, nesa da wurin.

Ranar ta zo da yayyafi. Jama'a suka taru a inda kwalta ta ƙare, da takalman ruwa da filas na shayi. Warwick ma ya zo, don an ce kamfani na da ikon a ji nasa. 'Yar majalisar ta fito daga mota, sai ga ta dattijuwa ce mai dogara sanda, an yi mata aiki a ƙugu. Ta gaisa da kowa, ta riƙe hannun Athol ta ce ta ji labarinsa tun daga Hobart.

Athol ya nuna hanyar tudu. Lyall ya dube shi, ya dubi sandar.

"Kai tsoho, kashe ta za ka yi? Mu bi tsohuwar hanyar gungume mana, a shimfiɗe take."

Athol ya ce akwai taɓo. Lyall ya ce taɓon tudu ya fi, ga santsi. Glenys ta ce Kawu dai so yake ya nuna har yanzu da sauransa, aka yi dariya. Athol ya haƙura. Ya shige gaba.

Tafiyar ta yi daɗi ga kowa ban da shi. Baƙuwar tana tambaya, ana ba ta amsa. Lyall ya nuna mata itacen zumarsa da bai fara fure ba tukuna. Wani mai shanu ya ɗebi ruwan rafin a murfin filas ya ba ta, ta sha, ta ce haƙoranta sun amsa. Duk tambayar da ta shafi sara, Athol ake juyowa. Ya yi ta amsawa a gajarce, daidai kuwa, tana gyaɗa kai. Sai hanya ta karya kwana.

Shaidun ba su warke ba. Sun yi ja, ƙaro ya zubo daga cikinsu ya bi jikin farin itacen. Daga nesa ma ana ganinsu, ɗaya bayan ɗaya har inda rafin ya ɓace cikin ganye.

Glenys ce ta fara magana. Ta ce a duba, ko dokar ba a canza ba kamfani ya riga ya shigo bakin ruwa yana zaɓen abin da zai ci. Ta ce ga irin mutanen da ake so a sakar wa igiya. Hayaniya ta tashi. Matasa suka zaro waya suna ɗaukar hoto. 'Yar majalisar ta juya ga Warwick, fuskarta ta canza, ta tambaye shi ko da saninsa aka yi wannan.

Warwick bai yi sauri ba. Ya ce kamfaninsu da fenti yake shaida itace, ya daɗe da barin gatari.

Tsofaffin cikin taron ba su sa baki a hayaniyar ba. Sun riga sun gani. Saran mai dama yana gangarowa ta gefe ɗaya, na bahago ta ɗaya gefen, kuma bahago ɗaya ne a Tollan da ke sara biyu ya ɓare ɓawo tsaf haka. Lyall ya matsa jikin itacen farko, ya sa yatsa cikin saran, ya bi shi daga sama zuwa ƙasa. Ya goge ƙaron a wandonsa. Bai waiwayo ba.

Glenys na ta yi. Ta ce duk wanda ya yi wannan ɓarawo ne, ba shi da kunya, ya kamata a buga sunansa a jarida. Ta ce, "Kawu, kai ka san aikin nan, gaya mata me shaidar nan ke nufi."

Athol yana jin ruwan sama na bin wuyan rigarsa.

"Zakara," in ji Warwick a hankali, "za ka faɗa, ko in faɗa?"

"Ni na yi."

Ba kowa ne ya ji ba, sai da ya maimaita. Ya ce shi ya yi su duka, da gatarinsa, don gumaguman gasa. Ya ce Warwick ya kawo shi, amma bai riƙe masa hannu ba. Wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Glenys ta dubi kawunta. Jini ya hau mata fuska har kunnuwa, kamar ita ce aka kama.

'Yar majalisar ta dogara da sandarta ta dube shi. Ba da faɗa ta yi tambayar ba, shi ya sa ta fi zafi.

"Mista Bester, kana so a matse tazarar ke nan?"

"A'a."

"To me ya sa ka shaida su?"

Ya nemi amsar da za ta fi wannan kyau, bai samu ba.

"Itacen na da kyau."

Warwick ya yi gyaran murya. Ya ce abin da suke ta faɗa ke nan, ba laifin kowa ba ne, mutanen gari da kansu suna bukatar itacen nan, har wanda aka zaɓa ya yi magana da yawunsu. Cikin ladabi ya faɗa, har da dafa kafaɗar Athol. Baƙuwar ta saurare shi har ya gama. Ta sake duban jerin itatuwan, ta ce ta ga abin da ta zo gani, ƙugunta kuma ya fara ciwo.

A komawa ba Athol ne a gaba ba. Ba wanda ya ce ya koma baya, shi ya tsaya gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba har kowa ya wuce. Da za a zage shi da ya fi masa. Ba wanda ya zage shi. Mai shanun nan ma da ya ga ya tsaya, ya jira shi a wurin tsallake wani gungume ya miƙa masa hannu, yadda ake yi wa tsoho. Ba a taɓa yi masa haka ba.

A zauren gari an shirya shayi da kek don murna. Aka sha a tsaye, baƙuwar ta tafi. Aka jawo kujeru, aka zauna, kowa na kallon Lyall. Lyall ya miƙe ya ce shi ya kawo sunan Athol, shi zai janye shi. Ya ce duk abin da Athol zai faɗa a Hobart gaskiya ne, amma kafin ya rufe baki za a ɗaga hoton itatuwan nan, daga nan ba maganar rafi za a yi ba, maganar Athol za a yi. Ya kawo sunan Glenys. Glenys ta ce ba ta iya ba, ba ta taɓa magana a gaban manya irin waɗannan ba. Aka ce ta koya. Aka ɗaga hannuwa. Athol na zaune a kujerar bakin ƙofa, hularsa a gwiwa, shi ma ya ɗaga nasa.

Athol ya tarar da Lyall a waje yana ɗaure akwatunan amya a bayan motarsa. Ya tsaya. Lyall ya ja igiya, ya ƙulla, ya zagaya ɗaya gefen.

"Ranar da na zo rumfarka, ka riga ka yi?"

"Na riga."

"Ka bar ni na yi ta zuba."

Lyall ya tamke igiyar, ya ci gaba.

"Saran bai dame ni ba, Bahago. Na san hannunka, in ya ga itace ba ya shawara da kai. Da ka gaya mini, da mu muka fara faɗa da bakinmu, da ba a yi mana wannan a gaban baƙuwa ba." Ya ja wata igiyar. "Gasar fa?"

"A sari itacen da ake shukawa a gona."

"Mai ƙaron nan? Zakarun arewa ba za su zo ba."

"Kada su zo."

Lyall ya dube shi sosai, karo na farko tun bakin rafi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce an yi hayar bas ranar zaman kwamitin, ana son jama'a su tsaya a ƙofar majalisa da kwalaye yayin da Glenys ke ciki. Ya san abin da Athol ya sha faɗa game da masu ɗaga kwali a titi, duk garin ya sani. Ya shiga mota ya tafi.

Noelene ta mayar da kwat ɗin cikin kabad. Kwanakin da suka biyo baya, Athol bai fita ba sai rumfa. Da yamma ɗaya Glenys ta zo, ta tsaya a bakin rumfar tana murza makullin mota. Ta ce ta kira shi ɓarawo a gaban mutane. Ya ce ba ta yi ƙarya ba. Ta ce tana tsoron su tambaye ta abin da ba ta sani ba, yadda ƙasa ke zaizayewa in an sare bakin ruwa, da yadda iska ke kayar da sauran itatuwan in an buɗe musu gefe. Ya nuna mata kujera. Ya gaya mata duk abin da ya shirya faɗa, kalma bayan kalma, ya sa ta maimaita har ya zauna mata. Ya ce in sun ɗaga hoton, kada ta kare shi. Ta ce musu kawunta ne, kuma in har shi da ya san abin da zai biyo baya ya kasa riƙe hannunsa, to ba hannun da za a bar wa bakin rafi babu doka.

Ranar tafiya Athol ya zo da wuri cikin rigar aikinsa. An jingine kwalaye a jikin bas ɗin. Ya ɗauki na ƙarshe bai karanta abin da ke kai ba, ya wuce kujerar baya. Mutane suka yi ta shigowa suna gaishe shi a gajarce. Kujerar gefensa ta zauna babu kowa har Hobart.

A ƙofar majalisa iska na kaɗawa daga teku. Glenys ta shiga da Lyall. Sauran suka jeru a kan ciyawa. Athol ya ɗaga kwalinsa, kunnuwansa na zafi, idonsa a kan takalmansa. Wani ɗan jarida mai furfura da ya sha ɗaukar hotonsa a filin gasa ya gane shi, ya matso da sauri, ya ce ai wannan Athol Bester ne, ko zai ce wani abu a madadin mutanen Tollan.

Athol ya nuna ƙofar da haɓarsa.

"Mai maganarmu na ciki. Jira ta."

Ɗan jaridar ya ɗan tsaya ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Iska ta nemi ƙwace kwalin, ya sake kama sandar da hannu biyu, ya ci gaba da tsayuwa.